Daga kafireta zuwa injekta: lamarin wata Chevrolet C10 ta 1972

Motar a-kori-kura ce ƙirar Chevrolet C10 ta shekarar 1972. Injinta mai silinda takwas ne, wanda aka fi sani da 350, wato lita 5.7, giyarta kuma mai canza kanta ce samfurin TH350. A saman injin akwai kafiretar da motar ta fito da ita daga masana'anta, Rochester Quadrajet mai maƙogwaro huɗu: biyu ƙanana na tafiyar yau da kullum, biyu manya da ba sa buɗewa sai an taka totur da gaske. Mai motar ba don kallo ya ajiye ta ba. Da ita yake zuwa aiki, yakan ja ƙaramar tirela da ita, kuma hanyarsa kan ɗauke shi daga kwari zuwa kan duwatsu masu tsayi ya dawo.

Ƙorafin da ya zo da shi sananne ne ga duk wanda ya taɓa riƙe tsohuwar mota. Da safe lokacin sanyi sai ya taka totur kafin ya murɗa makulli, in ta tashi kuma sai ya zauna yana lallaɓa ta har ta yi ɗumi, in ba haka ba ta mutu a mahaɗar hanya ta farko. In ta yi zafi ya kashe ta na ɗan lokaci, yana dawowa sai ta yi ta gurnani ta ƙi kamawa, warin fetur ya cika wurin. In ya hau dutse sai ƙarfi ya ragu, salansa ta fara baƙin hayaƙi. Tun kafin ya iso gareji ya riga ya yanke shawara: a cire kafiretar, a sa masa injekta mai kwamfuta irin wadda ake ƙerawa don tsofaffin injuna.

Kowanne daga cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafe yana da tushe a yadda kafireta take aiki. Iskar da fistan ke zuƙa ce ke bi ta wani ƙunci a maƙogwaronta, gudunta ya ƙaru, matsinta ya ragu, sai ta jawo fetur daga ɗan kwanon da ke cikin kafiretar. Ramukan da man ke bi an huda su ne a ƙarfe, girmansu ba ya canzawa, alhali iska kullum cikin canzawa take. Kowace mita 300 da aka hau, nauyin iska kan ragu da kusan kashi 3 cikin 100, kafireta kuwa ba ta rage mai daidai da haka, shi ya sa a kan dutse man ke rinjayar iska. Matsalar tashi da zafi kuma daga fetur ɗin kansa take. Cakuda ne, kuma akwai sassansa da ke fara tafasa tun zafi bai kai digiri 40 a ma'aunin Salsiyas ba. Da an kashe inji, fanka ta tsaya, ruwa ya daina zagayawa, sai zafin ƙarfe ya hau sama ya dafa man da ke cikin kwanon, ya malala cikin manifol, wato hanyar da ke kai iska da mai zuwa silindoji, ya shaƙe injin. Akasarin fetur ɗin da ake sayarwa a Amurka yanzu yana da kashi 10 na etanol, etanol kuma yana ƙara masa saurin zama tururi.

Abin da aka gano kafin a kwance noti ko ɗaya

Makaniken da ya karɓi aikin bai fara da buɗe kwali ba. Ya fara da gwada matsin silinda takwas ɗin, domin babu kwamfutar da za ta gyara zoben fistan da ya cinye ko bawul da ya ƙone. Matsin ya yi kyau, silindojin sun yi kusa da juna, cikin tazarar kashi 10 da aka saba amincewa da ita. Ma'aunin zuƙar iska a manifol ma ya tsaya cak ba ya rawa. Injin lafiyayye ne, sai ɗan cin baƙin mai irin na tsufa.

Abubuwan da ke kewaye da injin su ne suka lalace. Robar da ke buɗe cok (faifan da ke rage iska don inji mai sanyi ya tashi) bayan inji ya tashi ta huje, wannan shi ne rabin wahalar safiya. Sandar da faifan totur ke juyawa a kanta ta cinye mazauninta, iska na shiga ta gefe. Wani ya taɓa cire tamostat, wato bawul ɗin da ke tare ruwan inji har sai ya yi ɗumi, ya jefar, wataƙila don gudun zafin inji, saboda haka injin yakan daɗe bai yi ɗumi ba. A cikin distirbita, ƙarafan da ke ƙara taimin (wato su sa fulogi ya ba da wuta da wuri) yayin da inji ya ɗauki gudu sun yi tsatsa sun maƙale.

Makaniken ya faɗa wa mai motar gaskiya: in aka wanke kafiretar aka sake mata kayan ciki, aka sa mata matashi mai hana zafi a ƙasa, aka gyara distirbita aka mayar da tamostat, mafi yawan ƙorafin zai kau, kuma kuɗin ba zai kama ƙafar na injekta ba. A ganina wannan ita ce maganar da ya kamata kowa ya ji kafin ya sayi kayan nan. Quadrajet in ta sami wanda ya san ta, kafireta ce mai kyau ƙwarai, kuma sau da yawa laifin taimin da wayoyi ake ɗora mata. Sai dai akwai abu ɗaya da gyara ba zai magance ba, shi ne hawa da sauka tsakanin kwari da dutse. Kafireta sai an zaɓar mata wuri ɗaya an saita ta dominsa. Ga shi kuma ba shi kaɗai ke tuƙa motar ba, sauran mutanen gida ba su iya lallaɓa cok ba. A kan waɗannan dalilai biyu aka ci gaba.

Wace irin injekta

Kasuwar ta kasu biyu. Akwai masu sa nozul, wato bakin da ke fesa mai, ɗaya a bakin kowace silinda, irin Edelbrock Pro-Flo 4, waɗanda sai an canza manifol gaba ɗaya. Akwai kuma masu zama daidai inda kafireta take, da nozul a cikin maƙogwaro da kwamfuta a jikinsu, irin Holley Sniper da FiTech da MSD Atomic. Na farkon sun fi raba mai daidai tsakanin silindoji. Na biyun sun fi sauƙin ɗaurawa, kuma in an ɗora tukunyar matatar iska a kai, mai leƙa bonet ba zai gane an canza komai ba. Dabarar ba sabuwa ba ce, kamfanin GM da kansa irin wannan tsari ya sa wa a-kori-kurarsa daga 1987. Ga injin da ba a taɓa cikinsa ba, wanda ba tsere zai yi ba, na biyun ya wadatar, shi aka ɗauka.

Kwamfutar ba ta ganin mai, ba ta ganin iska. Tana karanta gudun inji, da matsin iska a manifol, da zafin iska, da zafin ruwa, da yadda aka taka totur, daga nan ta lissafa nauyin iskar da ke shiga ta buɗe nozul na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Sannan sensar oksijin da ke cikin bututun hayaƙi ta gaya mata ko lissafin ya yi daidai. Tsantsar fetur yana ƙonewa tas in an haɗa nauyin iska 14.7 da na mai 1, mai etanol kashi 10 kuma wajen 14.1. In ta ga an kauce sai ta gyara nan take, ta kuma rubuta gyaran a wani jadawali don gaba. Wannan shi ne abin da masu talla ke kira koyo da kanta.

Tanki da famfo, inda akasarin aikin yake

Ɗaura na'urar a kan manifol noti huɗu ne. Kai mata mai shi ne aikin. Kafireta da matsin psi 5 zuwa 7 take aiki, wanda famfon da kamshaf ke turawa a gefen inji ke bayarwa. Irin wannan injekta kuwa wajen psi 58 take so, kusan ninki goma, kuma ba ta yarda ya yanke ko na daƙiƙa ɗaya. Kafireta tana da ajiya a kwanonta, in famfo ya zuƙi iska a kwana ba wanda zai sani. Injekta ba ta da ajiya. Famfo na zuƙar iska, matsi zai faɗi, inji ya yi tuntuɓe.

A C10 ta 1967 zuwa 1972 tankin mai a cikin ɗakin direba yake, a tsaye bayan kujera. Sai a 1973 aka fitar da shi waje. Cikinsa fili ne, babu shingen da zai hana mai gudu gefe guda in an sha kwana ko an taka birki. Hanya mafi araha ita ce a bar tankin, a ɗaura famfon lantarki a jikin shasi. Ana yi, kuma yana aiki in famfon ya zauna ƙasa da tankin, kusa da shi, domin waɗannan famfuna sun iya turi amma ba su iya zuƙa ba. Matsalarsa ƙara da zafi, da kuma yankewar mai in tanki ya yi ƙasa. Hanya ta biyu ita ce ƙaramin tanki a ƙarƙashin bonet wanda tsohon famfo ke cikawa, famfon lantarki na ciki. Wannan kuma ajiye fetur ne a wuri mafi zafi a motar, wato an koma kusa da ciwon da ake gudu.

Aka zaɓi ta uku, wadda ta fi tsada da wahala: sabon tanki a ƙarƙashin bodin baya, tsakanin ƙarafan shasi, mai shinge a ciki da famfo nitse a cikin mai, mai ba da lita 255 a awa. Man da famfon ke ciki shi ke sanyaya shi, shi ke kashe ƙararsa. An rasa wurin ajiye safaya taya, an kuma huda wurin zuba mai a daɓen bodi. Ribar da ba a zo nema ba ita ce ɗakin direba ya daina warin fetur.

Daga tanki aka ja bututu biyu, ɗaya na kai mai, ɗaya na dawo da rarar da na'urar daidaita matsi ta saki. Nan ne ake yawan yin ganganci. Tiyon roba na kafireta, mai lamba SAE 30R7, ba a yi shi don wannan matsi ba. Wanda ya dace shi ne 30R9, guntun da ke nitse cikin tanki kuma 30R10, domin sauran fatarsu ta waje ba ta jure zama cikin fetur. Kilif mai haƙora da ke yanka roba ma an ajiye shi, an sa mai santsin ciki. Matata biyu: mai manyan ramuka (maikiron 100) kafin famfo don kare shi, mai ƙananan ramuka (maikiron 10) bayansa don kare nozul. Aka cire tsohon famfon gefen inji aka rufe raminsa da faranti. Ba a manta da numfashin tanki ba, domin tankin da ba ya shaƙar iska yayin da mai ke raguwa yakan shaƙe famfonsa bayan tafiya mai nisa, a yi ta neman laifi a wani wuri.

Wuta

Motar 1972 ba ta damu da tsabtar wuta ba. Fitila da kwayil da kik ba su san bambanci ba in wutar tana rawa. Kwamfuta ta sani.

Abu na farko, manyan wayoyinta biyu kai tsaye suka tafi kan batir, ba a jona su a kik ko akwatin fis ko jikin bodi ba, domin batir ne ke shanye hargitsin da sauran kaya ke zubawa cikin layi. Na biyu shi ne wayar da ke gaya wa kwamfuta an kunna makulli. Tana bukatar cikakken bolt 12 a lokacin da ake murɗa kik da kuma bayan inji ya tashi. Wayar da ta fi kusa, wadda ke zuwa kwayil, tarko ce: a motocin da ke da kwantak, wato ƙarafan cikin distirbita da ke haɗa wutar kwayil su yanke ta, an yi ta da gangan don ta rage wuta kada kwantak ya ƙone. Wasu layukan akwatin fis kuma suna ɗaukewa daidai lokacin da kik ke juyawa. Riwaya ya bi su da mita har ya sami wanda ke da wuta a duk matsayi biyun, ya sa shi ya ja rile, wato makunnin da wuta ke kunnawa, rilen ya kawo wuta daga batir.

Altanetar asali mai na'urar daidaita caji a waje ce, kuma a sulo ba ta ba da abin kirki. Famfon mai kaɗai yana cin kusan amfiya 10 muddin inji na aiki. Aka canza ta da mai ƙarfi wadda ke daidaita kanta a ciki, aka sa sabbin wayoyin as masu kauri daga batir zuwa inji, daga inji zuwa shasi da bodi, aka kankare fenti a duk inda suka zauna. Wayoyin fulogi ma an canza su zuwa masu danne hargitsi, aka kuma nisanta wayoyin sensa daga gare su. Wanda ya tsallake wannan mataki yakan ga allon kwamfuta na nuna gudun inji yana tsalle ba dalili, ko ta ɗauke ta dawo a tsakiyar tafiya.

Ta tashi, sannan ta fara lalacewa

An huda bututun hayaƙi na gefe ɗaya, mai walda ya liƙa mazaunin sensar oksijin a saman bututun, a karkace sama da digiri 10 daga kwance don kada raɓar da ke taruwa da safe ta kwanta a kanta. Aka sa tamostat mai buɗewa a digiri 82. Wannan ba ado ba ne: irin waɗannan kwamfutoci ba sa fara koyo sai ruwa ya wuce wajen digiri 71, injin da ba shi da tamostat kuwa a lokacin sanyi yana iya yini bai kai nan ba. Aka shigar da girman inji da yawan silinda da irin kamshaf ta ɗan allon hannu, aka kunna makulli famfo ya cika layi, aka bi kowace mahaɗa da ido da hanci. Murɗawar farko ta tashi. Bayan ta yi zafi aka juya sukurun totur har bawul ɗin da kwamfuta ke daidaita iskar sulo da shi ya koma buɗe kaɗan, ƙasa da kashi 10, don ya sami sararin ƙarawa da ragewa. Mai motar ya tafi yana murna.

Bai daɗe ba ya dawo. Motar da ta fita lafiya ta fara cin mai fiye da lokacin kafireta. A sulo tana rawa, hayaƙinta na sa ido hawaye, kuma kullum abin ƙaruwa yake. Da aka kwance fulogi, duka takwas sun yi baƙi ƙirin da busasshen toka. Abin mamakin shi ne allon kwamfuta yana nuna komai daidai, adadin iska da mai yana zaune a kan abin da aka nema. Sai da aka buɗe jadawalin koyo aka ga inda gizo ke saƙa: a ɓangaren sulo da tafiya a hankali, kwamfutar ta yi ta ƙara mai har ta kusa iyakar da aka ba ta, alhali a ɓangaren gudu da nauyi gyaran ɗan kaɗan ne.

Mai motar ya ɗauka na'urar ce ta zo da lahani, yana so a mayar. Makaniken ya ce a dakata. Fulogi na cewa mai ya yi yawa, sensa na cewa daidai ne, to ɗayansu ba ya ganin gaskiya, kuma fulogi a cikin silinda yake zaune. Ya gwada matsin mai ya same shi daidai. Ya fesa ruwan gwaji a gindin na'urar da gefen manifol, sulo bai canza ba, wato ba ta nan iska ke shiga ba. Daga nan ya bar injin ya huce, ya tura hayaƙin gwaji ta bakin salansa. Hayaƙin ya fito a wuri biyu, duka a gaban sensar: a zoben da ke tsakanin manifol ɗin hayaƙi da bututu, da kuma sandar wani tsohon bawul da ke gindin manifol ɗin, wanda aikinsa a da shi ne karkatar da hayaƙi mai zafi ya ɗumama ƙasan kafireta da safe.

Mutum zai ce ai huda a bututun hayaƙi fitarwa take yi, ba shigarwa ba. Ba haka abin yake ba. Hayaƙi ba ya gudana kamar ruwan famfo, bugu-bugu yake fita, kuma bayan kowane bugu akwai ɗan lokacin da matsin cikin bututu ke faɗuwa ƙasa da na waje, sai hudar ta zuƙi iska. A sulo, inda hayaƙin kaɗan ne, wannan 'yar iska tana da tasiri sosai. A gudu kuwa hayaƙi ya yi yawa ya rinjaye ta. Shi ya sa ɓarnar ta taru a gefe ɗaya na jadawalin. Sensar ta ga oksijin ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Fulogi suka fara datti, wuta ta fara tsallake wasu silindoji, silindar da ba ta ƙone ba kuma takan tura iskarta ɗanya cikin bututu, sensa ta sake ganin oksijin, kwamfuta ta sake ƙarawa ta rubuta. Tamkar alƙali ne da ba ya fita daga ɗaki, shaida ɗaya kawai yake saurare, shaidar kuma an ruɗe shi.

Wannan hudar ta yi shekaru a motar. Da kafireta, illarta ba ta wuce ɗan ƙaran tik-tik da safe ba, wanda ke ɓacewa in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura, ko da yake hudar ba ta rufewa gaba ɗaya. Binciken farko bai kama ta ba domin da injin a zafi aka yi shi.

Gyaran bai da yawa. Aka cire tsohon bawul ɗin aka sa zoben ƙarfe mai kaurinsa a wurin, aka sake gasket da ingarman noti, aka sa sabbin fulogi. Aka zubar da baƙin man inji domin fetur ya tsinka shi. Sannan aka goge jadawalin koyo gaba ɗaya, domin in an bar shi kwamfutar za ta ci gaba da aiki da abin da ta koya a kan ƙarya. Da ta sake koyo aka ga gyaran ya zauna ƙanƙane a ko'ina, sai aka rage mata iyakar abin da za ta iya ƙarawa ko ragewa. In wata huda ta sake ɓullowa, ɓarnar ba za ta yi nisa haka ba.

Taimin da ƙafar direba

A matakin farko an bar distirbita ta ci gaba da kula da taimin, kwamfuta na karantar gudun inji kawai. Da gangan aka yi haka, don in matsala ta taso a san ta mai ce ko ta wuta. Bayan mai ya daidaita sai aka sa distirbita marar kwantak aka miƙa wa kwamfuta taimin.

Kafin nan sai da aka tabbatar da alamar da ke kan faifan gaban kiranshaf. Faifan zobe biyu ne da roba a tsakani, kuma in robar ta tsufa zoben waje yakan zame, alamar ta daina nuna inda fistan na ɗaya yake. Aka gwada da ƙarfen da ake ɗaurawa a ramin fulogi ya tare fistan, aka ga ta zame, aka canza faifan. Sannan aka umarci kwamfuta ta tsayar da taimin a lamba ɗaya, aka haska fitilar taimin, aka juya distirbita har abin da fitila ta nuna ya yi daidai da abin da allo ya ce. Irin wannan inji na Chevrolet yakan so jimillar taimin digiri 32 zuwa 36 kafin fistan ya kai ƙololuwa in an taka totur har ƙasa, fiye da haka kuma in ana tafiya a hankali ba nauyi. Saboda tirela, an ja baya kaɗan a ɓangaren nauyi da ƙaramin gudu, inda inji ya fi saurin ƙwanƙwasa.

A nan ne motar ta canza hali sosai. Ƙarfin da mai ita ya ji ya ƙaru wajen tashi daga tsaye, mafi yawansa daga taimin ya zo, domin shekara da shekaru tana tafiya da distirbitar da ta maƙale.

Sai ƙorafi na ƙarshe, na ƙafa. Quadrajet ƙananan maƙogwaro biyu take fara buɗewa, don haka totur ɗinta na da laushi. Sabuwar na'urar huɗun take buɗewa lokaci ɗaya, da an taɓa sai motar ta zabura, abin da ba a so in ana ja da baya da tirela. Aka matsar da mahaɗin wayar totur nesa da sanda don ƙafa ta yi tafiya mai tsawo kafin faifan ya buɗe sosai, aka sake saita wayar da ke sa TH350 ta sauko giya in an taka har ƙasa, aka tabbatar tiyon zuƙar iska da ke zuwa giyar yana kan bakin da ke da zuƙa a kowane lokaci.

Inda aka tsaya

Ƙorafi ukun da aka zo da su sun kau. Da safe murɗa makulli ne kawai, a jira famfo ya yi shiru, a tayar a tafi. Tashi da zafi ya daina zama matsala domin man yana cikin bututu a matse, ba shi da kwanon da zai tafasa a ciki. A kan dutse har yanzu ƙarfi na raguwa, wannan babu makawa tun da iskar ce ta yi kaɗan, amma baƙin hayaƙi ya tafi domin kwamfuta na rage mai daidai da iskar. Cin mai ya ɗan sauka, ba saukar da za ta biya kuɗin aikin nan kusa ba. Ƙarfin inji a ƙarshen totur kusan yadda yake ne. Kafireta mai saiti da injekta mai saiti, in sun ba inji iska da mai iri ɗaya, abu ɗaya za su haifar. Ta fuskar doka motar ba ta da damuwa ko a Kalifoniya, inda motocin fetur na 1975 zuwa baya ba sa shiga gwajin hayaƙi na lokaci-lokaci. Mai motar 1976 zuwa sama a can sai ya nemi kayan da ke da lambar amincewar hukumar kula da iska ta jihar.

Abin da aka bayar a madadin shi ne sauƙin gyara a bakin hanya. Kafireta ko ta lalace takan ja mota a hankali har gida. Yanzu in famfo ko rile ya mutu, motar ta tsaya ke nan, famfon kuma yana cikin tanki a ƙarƙashin bodi. Saboda haka aka yanka ƙaramar ƙofa a daɓen bodin daidai kan famfon, aka ajiye rile da fis da sensar oksijin na safaya a aljihun mota, aka kwafi saitin kwamfutar a katin ajiya.

Saura abu ɗaya da ake sa wa ido. Injin yana ɗan ƙona baƙin mai ta robobin sandar bawul, tokar baƙin mai kuma tana rage wa sensar oksijin kwana. An tsara canza robobin a sabis mai zuwa, aikin da ake iya yi ba tare da sauke kan silinda ba in an cika silindar da iska don ta riƙe bawul. Kafin lokacin, duk sanda aka canza baƙin mai za a kwance fulogi biyu, ɗaya daga kowane gefe, a gwada launinsu da abin da allo ke faɗa, musamman na gefen da babu sensa a bututunsa.